Muryar Da Lauratu Ta Gane

Tun hantsi ƙamshin man gyaɗa ya cika gidan Malam Abdullahi da ke Ruwan Bago. Bikin babbar 'yarsa Lauratu ya matso, har an kawo lefe daga Karaye, yau kuma ana suyar dubulan na gara. Inna Saude, uwar amarya, tana bakin murhu tana iza wuta. Goggo Bara'atu, ƙanwar maigidan, ta miƙe ƙafa a tabarma tana murza ƙulli, bakinta bai huta ba.

"Ke amarya, matsa daga hayaƙin nan kada ki yi baƙi! So kike Halliru ya ce an canja masa mata?"

Lauratu ta yi dariya ta ja kujerarta baya. Malamar firamare ce a garin, kuma duk wanda ya kalli fuskarta a kwanakin nan ya san zuciyarta fari ƙal take. Halliru ma'aikacin lafiyar dabbobi ne. Ya zo yi wa shanu allura a rugar da ke bayan makarantarsu ya gan ta, tun daga ranar babur ɗinsa ya haddace hanyar Ruwan Bago.

Abu ɗaya ne ke sosa mata rai, ƙanwarta Sadiƙa. Yarinya ce 'yar shekara goma sha shida, tana ajin ƙarshe na sakandare. A da idan tana gida ba a jin kunne, amma kwanan nan ta koma kamar kazar da ƙwai ya fashe wa a ciki. Ba ta cin abincin kirki, ba ta zuwa wajen ƙawayenta, wayar da Baba ya saya mata don karatu kuwa kullum tana ƙunshe a cikin hijabi. Inna ta ce tsoron jarrabawa ne. Goggo ta ce kewar yayarta ta fara tun kafin a kai ta.

Sadiƙa ce ke tsame dubulan daga kasko lokacin da wayar ta yi ƙara. Ta zabura kamar wadda kunama ta harba, matsamin ya suɓuce, tafasasshen mai ya fallatsar mata a bayan hannu.

"Subhanallahi! Ke wace irin yarinya ce?" in ji Inna.

Lauratu ta riga kowa tashi. Ta tsoma hannun a ruwan randa, sannan ta ja ta ɗaki ta saki labule. Abin da ya ba ta tsoro shi ne, fatar har ta tashi, amma Sadiƙa ko uhum ba ta ce ba. Idonta na kan wayar, jikinta na ɓari.

"Sadiƙa, dube ni. Wa ke nemanki?"

"Ba kowa, Yaya. Gurup ɗin ajinmu ne."

"Gurup ɗin aji ne ke sa ki rawar jiki haka? Na rantse miki da Allah, ko mene ne, ba zan doke ki ba, ba zan zage ki ba. Ni dai ki gaya min."

Sai yarinyar ta kifa kanta a cinyar yayarta ta fashe da kuka, irin kukan da aka daɗe ana haɗiyewa.

Da ƙyar labarin ya fito. Bayan an kai su Karaye an yi musu rajistar jarrabawa, wata baƙuwar lamba ta yi mata sallama a WhatsApp. Mai lambar ta ce sunanta Ummu Hani, ɗaliba ce a Kano, a wani gurup ta ga lambarta. Ta riƙa turo mata tambayoyin jarrabawar baya, idan data ya ƙare ta saka mata, tana kiranta ƙanwata. Ta ce kada ta gaya wa ƙawayenta don kada su yi mata hassada. Ranar da aka yi wa Sadiƙa kitso, ta ce ta ɗauko hoto ba ɗankwali ta gani, ai tsakanin mata ne. Sadiƙa ta tura. Daga nan roƙon ya canja, ya koma abin da bakin mai kunya ba ya iya maimaitawa. Da ta ƙi, ta ce ita a daina, sai Ummu Hani ta ɓace, aka fara turo saƙon murya. Muryar namiji.

"Na toshe lambar a WhatsApp, ya biyo ni da saƙon tes. Wallahi Yaya ban san namiji ba ne! Kullum sai na roƙi Allah Ya ɗauki raina kafin Baba ya ji."

"Kul! Kada in sake jin wannan a bakinki. Ba ni wayar."

Lauratu ta danna saƙon da ya shigo yanzu, ta kara a kunne.

"Kin ɗauka wasa nake ko? Ranar kasuwar Karaye ki zo ke kaɗai, zan gaya miki inda za ki same ni. In kika ƙi, ko kika gaya wa wani, hotonki zai shiga wayar kowa daga Rogo har Karaye. Kuma ba yadda kika turo shi za su gan shi ba. Na iya aikina."

Ta sake saurara. Ta kuma sakewa. Mai maganar ya yi ƙoƙarin shaƙe muryarsa, amma ta san ta kamar yunwar cikinta. Ita ce muryar da ta jiyo daga zaure ranar da aka zo neman aurenta, tana cewa, "Malam, iri muka zo nema a gidanka." Ilu ne, yayan Halliru uwa ɗaya uba ɗaya, mai shagon kwamfuta a Karaye, inda ake yi wa ɗalibai rajista. Shi ya riƙe Halliru tun rasuwar mahaifinsu, shi ya ɗauki nauyin karatunsa, shi ne kuma zai karɓa masa aure.

"Yaya, kin san shi ne?"

Lauratu ta kamo fuskar ƙanwarta da hannu biyu.

"Ki saurare ni da kyau. Ba ki yi laifi ba. Yaudararki aka yi, kuma babban mutum ne ya zauna ya shirya yaudarar. Ba za ki je kasuwar nan ba, ba za ki ƙara ba shi amsa ba. Amma kada ki goge ko harafi ɗaya."

Nan take ta ɗauki hoton kowane saƙo da lambar da ta turo shi, ta tura su wayarta tare da saƙonnin murya.

Da ta idar da sallar azahar, ta daɗe a kan darduma. Zuciya ta ce mata: ki karya layin nan, ki saya mata sabo, ki yi shiru. Wa zai sani? Ga akwatunanki can a jere, ga Halliru. Har ta ji sanyin wannan shawara. Sai ta hango kanta a gidansu Halliru tana durƙusa wa Ilu da kwanon tuwo, Sadiƙa ta zo mata hutu tana gaishe shi. Ta tuna kuma ba Sadiƙa kaɗai ta yi rajista a shagon nan ba. Ta shafa addu'a hawaye na bin hannunta.

Bayan la'asar Malam Abdullahi ya dawo daga gona, ta tara shi da Inna da Goggo ta gaya musu komai. Kafin ta rufe baki ya miƙe, ya yi kan Sadiƙa da hannu a ɗage.

"Don ki tozarta ni na sayar da gyaɗata na saya miki waya?"

Lauratu ta shiga tsakani ta durƙusa.

"Baba, in duka ne ga ni, ni ka doka. Na yi mata rantsuwa ba za a taɓa ta ba, shi ya sa ta faɗa. Baba, idan ɓarawo ya haura katanga, shi ake kamawa ko mai ɗakin? In ka doke ta yau, gobe ko wuta ke cin ta ba za ta gaya mana ba."

Hannun ya sauka a hankali. Ya koma ya zauna a kan turmi, ya cire hula ya riƙe.

Goggo ce ta karɓe. "To ni dai ku ji tawa. A goge abin nan, a rufa wa juna asiri! Shi namiji ne, gobe zai wanke ya sa babbar riga ya shiga sahun gaba. Ita kuwa tabon har kabari. Ke kuma Lauratu, auren naki fa? Kin taɓa ganin an kai yayan miji ƙara an zauna lafiya?"

"Goggo, ranar kasuwa yake jiranta. In mun yi shiru, kin ɗauka shi zai yi shiru?"

Inna kuwa kuka kawai take. A ƙarshe Malam Abdullahi ya ce a fara kiran Halliru.

Washegari Halliru ya zo da fara'arsa, har da tsarabar rake. A zaure Lauratu ta same shi. Ko gaisuwar kirki ba su gama ba ya lura da idonta.

"Laure, lafiya? Wa ya rasu?"

Ta miƙa masa wayar. Ya saurara, murmushin ya bushe a fuskarsa. Ya karanta saƙonnin ɗaya bayan ɗaya, ya ajiye wayar a kan tabarma kamar garwashi.

"Murya tana kama da murya."

"Yaya Halliru, kai ma ka san shi ne."

"Yaya Ilu fa kike faɗa! Mutumin da ya bar makaranta don ni in yi? Yana da mata, yana da 'ya'ya mata!" Ya miƙe, ya rasa inda ya ajiye makullin babur alhali yana hannunsa. "Ki turo min su. Zan tambaye shi."

Sai bayan kwanaki ya kira ta. Muryarsa ta dishe.

"Laure, na tambaye shi a gaban Hajiyarmu. Ya yi alwala ya dafa Alƙur'ani. Ya ce yanzu kwamfuta tana kwaikwayon muryar kowa, maƙiyansa ne."

"To ni ce na yi ƙarya, ko Sadiƙa?"

"Ban ce ba. Amma mutum ya dafa Alƙur'ani, me zan ce? Hajiya ta ce in Baba ya zo ya ba da haƙuri, magana ta mutu, a yi biki. Don Allah Laure, ki taimake ni. Wallahi ina son ki."

"Ni ma ina son ka, Allah Ya sani. Amma ba zan sa mahaifina ya durƙusa wa wanda ya cuci 'yarsa ba."

Sai layin ya katse.

Ranar Asabar wata ƙaramar bas ta tsaya a ƙofar gida. Hajiya Khadija, mahaifiyar su Halliru, ta shigo da mata a bayanta, ko tabarmar da aka shimfiɗa musu ba su kalla ba.

"Kayanmu muka zo ɗauka. Ba ma haɗa zuri'a da gidan da ake ƙaga wa mutane sharri. Ku tambayi 'yarku da wa take watsewarta a waya, ku bar min ɗana!"

Lauratu na tsaye a bakin ɗaki aka riƙa fita da akwatunan a ka. Maƙwabta suka cika ƙofar gida. Wata daga cikin matan har da buɗe akwati ta ƙirga turamen atamfa a tsakar gida, wai kada a ce an rage.

Abin da ya fi wannan muni yana tafe. A cikin makon nan wata baƙuwar lamba ta saki hoton a gurup-gurup na samari. An ɗauki fuskar Sadiƙa an haɗa da abin da ba nata ba. Kafin a ankara ya zaga Rogo, ya zaga Karaye. Waɗanda suka san haɗi ne suka tura, waɗanda ba su sani ba suka tura, kowa yana cewa "Allah Ya shirya" yana ƙara turawa.

A ranar Malam Abdullahi ya sa rigarsa ta Juma'a, ya ce wa 'ya'yansa mata su ɗauko hijabi. Goggo ta tare ƙofa.

"Yaya, ofishin 'yan sanda? Da 'ya'ya mata?"

"Bara'atu, asirin da kike so a rufa an riga an yaye shi. Matsa."

Wata 'yar sanda mai kula da ƙorafin mata da yara ce ta saurare su. Ta zaunar da Sadiƙa kusa da ita, ta ce mata ba ita ce mai laifi ba, ta yaba da ba a goge saƙonnin ba, ta kwafe su duka. Aka gayyaci Ilu. Ya zo da farar shadda da carbi, ya miƙa wayarsa da kansa. Aka duba, ba komai. Layin da aka yi barazanar da shi kuma da sunan wani tsoho aka yi masa rajista, wanda ko karatu bai iya ba. Aka ba da belin Ilu, aka ce bincike zai ci gaba.

Daga nan duniya ta yi wa gidan Malam Abdullahi ƙunci. Sadiƙa ta je makaranta sau ɗaya, ta tarar an yi rubutu a kan teburinta, ta dawo ba ta sake komawa ba. Aka yi jarrabawar da ta yi wa rajista tana kwance a ɗaki ta juya wa ƙofa baya. Malam Abdullahi ya daina zama a majalisa, daga masallaci sai gona. Inna ta daina zuwa biki da suna, don da ta shiga sai hira ta tsaya. Dubulan ɗin da aka soya aka rabar wa yaran maƙwabta. Goggo kuwa kullum ta shigo sai ta ce, "Ai na faɗa. Ga shi nan, ba auren, ba mutuncin."

Lauratu ta ci gaba da zuwa aiki don ba yadda za ta yi. Ta dawo da shimfiɗarta kusa da ta Sadiƙa, ba ta yarda a bar ta ita kaɗai, tana lallashinta ta ci ko loma biyu ne. A gaban mutane ba ta kuka. Amma duk lokacin da ta ji ƙarar babur ya rage gudu a ƙofar makaranta sai gabanta ya faɗi, ta leƙa ta taga, ta ga ba shi ba ne. Ta goge lambarsa, amma lambar na nan a kanta.

Wata rana da yamma ana yayyafi, Sadiƙa ta ce mata, ba tare da ta juyo ba, "Yaya, da na yi shiru, da yanzu kina ɗakinki. Ni na kashe miki aure."

Lauratu ta sunkuyar da kai. Gaskiya ita ce, ita ma tunanin ya sha zuwar mata. Ta yi abin da ya dace, ga shi kuma ba abin da ya gyaru: hoton ya fita, auren ya mutu, Ilu na shagonsa yana yi wa wasu yaran rajista. Ta kwanta a bayan ƙanwarta ta rungume ta.

"Da kin yi shiru, da kin je kasuwar nan. Ni kuwa gara in tsufa a ɗakin nan da in rasa ki."

Suka yi ta kuka tare har aka kira magariba.

Damina ta wuce, aka cire gyaɗa, aka yanke dawa. Ba labari daga ofishin 'yan sanda, ba labari daga Karaye. Har wani dattijo mai mata biyu ya aiko yana son Lauratu, wai don ya rufa mata asiri. Malam Abdullahi ya ce a gaya masa asirinta a rufe yake.

Ran nan da safe ana sussukar dawa a ƙofar gida, sai ga babur. Lauratu ta ɗaga kai, taɓaryar ta kusa faɗuwa daga hannunta. Halliru ne, amma ya rame har wuyan rigarsa ya yi masa yawa. Bai kalle ta ba. Ya wuce wajen Malam Abdullahi ya zube a ƙasa.

"Baba, ban cancanci in taka ƙofar nan ba. Alfarma ɗaya nake roƙo, a kira min Sadiƙa."

Aka shiga zaure. Sadiƙa ta fito ta raɓe a bayan yayarta. Halliru ya durƙusa a gabanta, yarinyar da a da yake tsokana yana kawo wa alewa.

"Ƙanwata, ki yafe min. Kin faɗi gaskiya na ƙaryata ki."

Sannan ya ba da labari. Zazzaɓi ne ya kwantar da Ilu a asibiti, ya aike shi shago ya ɗauko masa katinsa na banki. Yana lalube a durowa ya ji abu na motsi a can ƙasa, cikin kwalin tawadar firinta. Wata waya ce da bai taɓa gani ba. Saƙo ya fito a fuskarta daga wata yarinya: "Don girman Allah ka rabu da ni, marainiya ce ni." Ya nemo lambar da ke jikin saƙonnin da Lauratu ta tura masa, wadda ya kasa gogewa duk tsawon watannin nan, ya kira. Wayar ta yi ƙara a tafin hannunsa.

"Hajiya na fara kai wa," in ji shi, hawaye na sauka a gemunsa. "Ta kalla, ta gane. Ta ce in jefa ta a masai. Ta ce in na kai ɗan'uwana gidan yari, ba ni ba ita, ba ta yafe min nonon da na sha ba. Na je wajen malaminmu, ya ce ba a yi wa iyaye biyayya a kan zalunci, amma kada in daina kyautata mata. Baba, jiya na kai wayar ofishin 'yan sanda da hannuna. Sun buɗe ta. Ba Sadiƙa kaɗai ba ce. Yara ne da yawa, har da 'yar maƙwabcinmu."

Malam Abdullahi ya dube shi. "Ka yi abin da ya fi ƙarfin maza da yawa. Allah Ya yi maka albarka."

Sadiƙa ta sulale ƙasa tana kuka, tana maimaitawa, "Yaya, kin ji? Yanzu za su yarda? Za su yarda ba ni ba ce?"

Sai a lokacin Halliru ya ɗaga ido ya dubi Lauratu. "Ban zo da bakin neman komai ba, Laure. Na bar ki a lokacin da kika fi bukatata."

"Ka bar ni," ta ce. "Kullum ina jiran ka zo ka ce ka yarda da ni, ko ba hujja. Ba ka zo ba." Ta share ido da gefen hijabi. "Amma ni da na tona, yayan wani na tona. Kai naka ka kai. Ka ba ni lokaci."

Shari'a ta ɗauki watanni. Yawancin iyayen yaran suka ƙi fitowa saboda kunya, amma gida biyu suka tsaya tare da Malam Abdullahi, kuma abin da ke cikin wayar ya isa. Aka yanke wa Ilu hukuncin ɗauri. Waɗanda suka yi ta tura hoton suka koma cewa su dama tun farko sun san haɗi ne. Ba wanda ya zo ya ba Sadiƙa haƙuri a cikinsu. Goggo Bara'atu kaɗai ce ta kira ta ɗaki wata rana, ta riƙe hannunta ta ce, "Ni tsohuwar banza ce, 'yar nan. Tsoron bakin mutane ya sa na manta da ke."

Bayan shekara aka ɗaura auren Lauratu da Halliru a masallacin Ruwan Bago. Ba kiɗa, ba taron mata, kawunsa ne ya karɓa masa. Suka kama haya a Rogo, suka ɗauko Sadiƙa ta zauna wajensu, ta shiga wata makarantar ta sake rajista. Ta ci jarrabawarta. Dariyarta ba ta dawo kamar da ba, har yanzu baƙuwar lamba na sa ta faɗuwar gaba, amma takan kawo wayar ta ce, "Yaya, duba min wannan," kuma tana cin abinci, tana fita.

Hajiya Khadija kuwa ta cika alkawarinta. Duk Juma'a Halliru zai je Karaye da cefane, ya biya wa 'ya'yan Ilu bukatunsu, ya durƙusa a bakin ƙofarta ya gaishe ta. Ba ta amsawa. Ya gama ya tashi. Ya dawo gida ya zauna shiru, Lauratu ta ajiye masa abinci ta zauna kusa da shi, ba ta ce masa ya daina zuwa ba ko sau ɗaya. Har Lauratu ta haihu Hajiya ba ta taka gidan ba.

Wata Juma'a ya dawo idonsa jawur, ya tsaya a tsakar gida ko takalmi bai cire ba. Lauratu ta taso da sauri.

"Me ya faru? Jikin Hajiya ne?"

"Ta amsa, Laure. Na gaishe ta ta ce lafiya lau. Na tashi zan tafi, sai ta ce daga bayan labule, 'Yaya yarinyar nan?' Na ɗauka jaririyar take nufi, na ce tana nan tana wayo. Ta ce, 'Ba ita ba. Sadiƙa. Ka ce mata... ka ce mata ni ma na haifi 'ya'ya mata.'"

Sadiƙa na bakin kicin da tsintsiya a hannu, ta ji komai. Ta jingina da bango ta rufe fuska. Lauratu ta miƙa wa mijinta jaririyar, ta je ta rungume ƙanwarta.

Haka haƙuri yake, ɗacinsa a gaba, zaƙinsa a baya, kuma ba ya dawo da duk abin da aka rasa. 'Yan'uwana matasa, duk wanda ya fara da kyauta a waya, ya ce kada ku gaya wa kowa, ya koma neman hoto, to ba masoyi ba ne, ko da sunan mace ya zo. In ya yi muku barazana, kada ku biya masa bukata, kada ku goge shaida, ku gaya wa babban da kuka yarda da shi. Ku kuma iyaye da yayye, in yaro ya kawo muku irin wannan kuka, ku fara rungumarsa kafin tambaya. Kunyar ta azzalumi ce, ba ta wanda aka zalunta ba, kuma shirun da muke kira rufin asiri shi ne bargon da yake lulluɓa da shi ya kai ga 'yar wani.